Talha da Akwatin da Ba a Taɓawa

Bayan sallar la'asar Talha ya ɗaure akwatinsa a bayan jaki, ya lulluɓe shi da tsohon bargon soja, ya kama hanyar da ta fita daga Azare ta nufi Katagum. Matarsa Dijatu ta biyo shi har zaure tana mita.

"Malam, yau ma? Mutane fa sun fara cewa aljani ka kulle a ciki."

"Su faɗa, bakinsu ne."

"To don Allah ka dawo kafin magariba."

Ya kaɗa jakinsa ya wuce. Talha ke nan. Ranar da aka raba taurin kai, da buhu ya je.

Kafin Turawa su kai shi yaƙin Bama mai goge ne shi, kuma gwani, har Itas da Giade ana aiko masa goron biki. Harsashi ɗaya ya tafi da yatsu uku na hannunsa na hagu, waɗanda ake danne tsirkiya da su. Ranar da za a sallame su, Baturen da ke kula da wayar rundunarsu ya ba shi wannan akwati da ya harhaɗa da tarkacen rediyo. Ya ce sunansa taramin, kuma ba ya bukatar yatsu, don ba a ma taɓa shi.

Gaskiya ya faɗa. Akwai sandar ƙarfe a tsaye a dama, akwai zoben ƙarfe a kwance a hagu, batir yana ciki. In ka matso da hannun dama kusa da sandar sai murya ta sirance, in ka janye ta yi kauri. In ka sauke hannun hagu kan zoben ta yi shiru, in ka ɗaga ta fito. A faɗe kamar wasan yara. Amma wata bakwai Talha yana fama, abin da yake samu sai kukan akuyar da aka taka wa wuya. Babu tsirkiyar da za ka dafa, babu alama a iska. Ka yi numfashi da ƙarfi, murya ta kauce. Kafaɗa ta gaji, murya ta kauce. Wani ya gitta a kusa, ko Dijatu da tsintsiya ko maƙwabci mai leƙen katanga, duk ta watse, don akwatin yana jin kowane jiki da ya kusance shi.

Shi ya sa ya nemi inda babu jikin kowa. Ya samu wani kufai a gefen hanya, ƙauyen da aka tashi tun bai yi wayo ba, saura gutsattsarin katanga da busasshiyar rijiya. Yau kwana shida ke nan yana zuwa.

A kan hanya ya gamu da Gidaɗo, dattijon Bafulatani da rugarsa ke kusa da wurin, yana koro shanu.

"Soja, can za ka kuma? Shanuna ma ba sa cin ciyawar wurin nan. In ka shiga, kana yi wa masu wurin sallama kuwa?"

Talha ya yi dariya. "Baffa, wa zan yi wa sallama? Ai don babu kowa nake zuwa."

Gidaɗo ya dube shi, ya girgiza kai, ya bi shanunsa.

Da Talha ya isa, ya ɗaure jakin a jikin wata aduwa, ya kafa akwatin a kan tsohon turmi da ya kife, ya murɗa makunni. Ya tsaya kamar yadda ya koya wa kansa: ƙafafu a ware, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, babban yatsa da manuni a haɗe. Motsi daga wuyan hannu kawai. Waƙar da yake nema 'yar gajeruwa ce, wadda mahaifiyarsa ke yi in tana niƙa. Gaɓa huɗu ce kacal. Ta farko ta fito, ta biyu ta fito, ta uku ta zame kamar kullum.

Ya sake. Ya sake. Kafaɗarsa ta ɗau zafi, gumi na shiga masa ido bai share ba, don share shi ma motsi ne. Sau ɗaya ta ukun ta kusa zama, saura ƙiris. Wannan ƙiris ɗin ne ya riƙe shi har rana ta yi ja ta faɗa bayan gonakin dawa.

Gyare suka yi tsit, duk a lokaci ɗaya.

Wani wari ya taso, irin na toka da aka yayyafa wa ruwa. Jakin ya fara ja da baya yana fizgar igiya.

Sai muryar akwatin ta sirance.

Talha ya dubi hannunsa. Bai motsa ba. Ya riƙe numfashi. Muryar ta ƙara sirancewa, a hankali, yadda take yi in mutum yana takowa.

Ya waiga. Katanga, rijiya, ciyawa. Babu kowa.

Ya sauke hannayensa ya ja da baya, taku biyar. Daga nan ya san akwatin gurnani kawai yake yi ya mutu. Yau bai mutu ba. Ya yi shiru kaɗan, kamar mai gyara tsayuwa, sannan ya ɗauki waƙar niƙan.

Gaɓa ta farko. Ta biyu. Ta uku ta zauna daram. Ta huɗu ta sauka da wata karkarwa mai daɗi wadda ko a goge Talha bai taɓa samu ba.

Tsigar jikinsa ta tashi. Mai hankali daga nan zai zuba da gudu. Amma abin da ya cika masa ƙirji ya fi tsoro ƙarfi, kuma kishi ne tsagwaronsa. Wata bakwai! Wani ƙato marar jiki ya zo ya tsaya a gefe yana saurare, ya kwashe a kwana shida.

"Kai!" ya ce. "Matsa daga nan. Nawa ne."

Ya taka ya koma wurinsa, ya ɗaga hannun dama.

Aka kama masa wuyan hannu.

Sanyi ne, kamar ruwan randa da asuba. Yatsu dogaye, sun zagaye hannun har sun haɗu. Ba a matse shi ba. Aka ɗan karkata shi, aka ɗan ɗaga, sai waƙar ta zubo daga hannun Talha, tsaf, babu tangarɗa. Daga ita aka shiga wata, aka shiga wata, har da kiɗan da ya yi a bikin ƙarshe kafin a ɗauke shi soja. Hawaye suka zubo masa.

Aka yi raɗa a bayan kunnensa, numfashin yana warin toka.

"Ka ji ko? Saki."

Raɗar ta ci gaba.

"Bar mini hannun. Kullum haka za ka yi. Azare duka za ta zo."

Wallahi ya so. Ya hango taron, ya hango masu yi masa dariya sun yi shiru. Hannunsa ya fara saki da kansa.

Sai ya lura ba ya jin yatsunsa. Yana ganinsu suna motsi, amma kamar na wani. Mutuwar ta wuce wuyan hannu, ta kai gwiwa, tana hawa kafaɗa. Ya san wannan. Haka ya ji a dajin Bama lokacin da ya ɗaga hannun hagu ya ga abin da ya rage.

"An karɓi uku ba a tambaye ni ba," ya ce ta cikin haƙora. "Wannan ba na bayarwa."

Riƙon ya ƙara ƙarfi.

Ya danna dungun hannunsa na hagu kan zoben. Muryar ta shaƙe. Aka fara ɗaga dungun sama, ya danne da dukkan nauyinsa. Ya yi a'uziyya da ƙarfi, ya jefa jikinsa baya. Kafaɗa ta yi ƙas. Ya faɗi a ƙasa, hannun ya biyo shi.

Jakin ya riga ya tsinke igiya ya tsere.

Talha ya miƙe. Ya rungumi akwatin da hannun hagu, ya ɗora a ka, bai kashe ba. Yana so ya san inda abin yake.

Ya fara tafiya. Muryar ta yi kauri. Ya yi nisa kaɗan.

Ta fara sirancewa.

Ya ƙara sauri. Ganyen dawa na yankar fuskarsa.

Ta ƙara sirancewa, ta koma kamar kukan sauro.

Ya zuba da gudu.

Sanyi ya taɓa ƙeyarsa.

Sai ga ƙamshin hayaƙin kashin shanu, ga haushin kare, ga wuta a rugar Gidaɗo. Ya faɗa tsakiyar garken. Muryar ta sauka, ta sauka, ta koma gurnani. Gidaɗo bai tambaye shi komai ba, ya ja shi kusa da wuta yana tofa masa addu'a.

Kwana arba'in hannun yana rataye kamar tsumma. Shatin yatsu ya fito a wuyan hannun, fari fat, kuma bai taɓa gogewa ba. Dijatu ta roƙe shi ya jefa akwatin a kogi. Ya ce ai ba akwatin ne ya kama shi ba.

Da hannun ya dawo, ya kafa abinsa a tsakar gida da hantsi, kaji na gittawa, maƙwabta na leƙe. Shekara biyu ya ɗauka kafin waƙar niƙan ta zauna, kuma ko a lokacin ta ukun takan ɗan gurguje. Amma wani lokaci, yana cikin yi, sai murya ta zo da wani irin daɗi da ya fi ƙarfin iyawarsa. Nan take yake danne zoben, ya kashe, ya soke hannun a hammata har sai ya yi ɗumi.

Wata rana Dijatu ta kasa haƙuri.

"Haba Malam, yanzu fa ta fi daɗi! Me ya sa ka tsaya?"

Ya kunna, ya sake ɗaukowa daga farko. Da ya kai ta uku ta zame masa, ta yi ƙara mai muni har kaji suka watse. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Yawwa," ya ce. "Wannan ni ne."