Man Kanumfari a Gonar Alhaji Hassoumi

Da fartanya a hannu Sakinatou ta fara ganin Faïçal. A durƙushe ta same shi cikin gautar babanta a garin McLeansville yana birkita ganye, ta ɗauka ɓarawo ne, ta ɗaga ƙota za ta sauke masa a ƙeya.

"Tsaya, baiwar Allah!" ya ce, hannuwa a sama. "Ɗalibin aikin gona ne ni, Alhaji ne ya kira ni. Dubi nan."

A bayan ganyen wasu jajayen ƙwari ne mitsi-mitsi kamar garin barkono, sun saƙa yana suna tsotse shi. Ta dubi ƙwarin, ta dubi mai nuna su, sai kunya ta kama ta.

Maganinsa man kanumfari ne da na na'a-na'a, 'yan ɗigo cikin ruwa da sabulu, a fesa in rana ta yi sanyi. Kullum da yamma yana gonar, kuma kowa ya san ba gauta kaɗai ke kawo shi ba.

"Tauraruwata," ya rubuta mata a waya, "ƙamshin kanumfari ya biyo ni har aji. Malami na ta bayani, ni ke nake gani."

"Mon cœur, zuciyata, ka dai kashe ƙwarin nan," ta mayar. "Na gaji da jira wallahi."

Babanta Alhaji Hassoumi kuwa ya kafe. Shi Salissou yake so ya aura mata, ɗan ƙanensa, direban babbar mota mai zuciya a kusa.

"Bon," in ji shi, "yaro mai wasa da turare zai riƙe mini 'ya? Gautar ta tashi tukuna, sai mu yi magana."

To, Sakinatou ba ta iya haƙuri ba. Ta faki ido, ta ninka man sau uku, ta fesa da tsakar ranar Yuli don ƙwarin su mutu da wuri. Washegari gona ta ƙone ƙurmus.

Faïçal na fitowa daga mota Salissou ya tare shi da shebur.

"Munafuki! Ka kashe wa Baba gona!"

Bai jira amsa ba ya kai masa duka. Faïçal ya kare da hannu, ƙashin ya ce ƙas. Na biyu ya fasa masa gira, jini ya rufe masa ido, ya kife. Salissou ya bi shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari. Alhaji na tsaye yana kallo, bai hana ba!

Sakinatou ta kwasa da gudu ta faɗa kan Faïçal, sheburin ya sauka a kafaɗarta.

"Ni ce!" ta kurma ihu. "Ni na ƙara man, ni na fesa da rana! Ya hana ni, ban ji ba. Baba, don ka yarda da shi na yi!"

Salissou ya yar da shebur, ya arce.

A asibiti ɗan sanda ya tambayi Faïçal wanda ya yi masa haka. Faïçal ya dubi Alhaji da ke raɓe a bakin ƙofa, ya tuna Salissou ɗan ƙanensa ne, ya ƙi faɗin sunan.

"Sunansa Salissou," Alhaji ya ce. "Jinina ne. Ina tsaye aka yi, ban hana ba. Rubuta har da wannan."

Ya matso bakin gado, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗana, na zalunce ka. In har yanzu kana son 'yar gidan da ya yi maka haka, na ba ka."

Daga gadon gefe Sakinatou ta ce, "Mon cœur, ka yafe mini?"

"Tun kina kaina kina ihu na yafe, Tauraruwata."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure, ango da hannu a naɗe. Alhaji ya ɗaga hannu zai yi addu'a, kuka ya ci ƙarfinsa, sai da liman ya karɓa.

"Allah ya ba su zaman lafiya, ya tsare su daga hannun nesa da na gida."

Masallaci ya amsa da amin, ta Alhaji ta fi ta kowa ƙarfi.