Ɗakin da Rana Ba Ta Shiga

Shin mutumin da ya cuce ka alhali a zuciyarsa magani yake yi maka, ranar hisabi cikin wane sahu za a tsayar da shi, na azzalumai ko na jahilai? Ban san amsa ba. Abin da na sani shi ne, a shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, lokacin da kowa ke manne da rediyo yana jin maganar 'yanci, akwai wata marainiya mai suna Tsahara a wani babban gida cikin Maraɗi da ke jan jiki da hannu biyu daga tabarma zuwa bakin ƙofa, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Shekara biyu ke nan rabonta da ganin rana.

Tsahara 'yar Jiratawa ce. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, ƙanen mahaifiyarta Kawu Jibo ya riƙe ta, ta tashi cikin garkarsa tana dashen albasa da tsinkar barkono, baƙa mai ƙarfi, mai yawan dariya. A can Hamidu ya gan ta, ɗa tilo ga wani attajirin atamfa da ya rasu, ya nace sai ita, aka ɗaura aure. Uwarsa Hajiya Balki ba ta hana ba, jika kawai take so kafin ta mutu, kada sunan gidan ya yanke. Da aka shekara ba ciki, sai ta sa amarya a mota ta kai ta Tsibiri wurin wata tsohuwa mai maganin mata. Tsohuwar ta matsa cikin yarinyar, ta dubi baƙin wuyanta da kaushin hannunta, ta girgiza kai ta ce, "Hajiya, wannan rana ta ƙone mata mahaifa tun tana gona. Irin da aka shanya bisa kwano ba ya tsirowa. Ku ajiye ta cikin inuwa ta huce, kada rana ta taɓa ta ko a yatsa har sai ta ɗauki ciki."

Hajiya ta dawo ta sa aka kwashe dilolin atamfa daga ɗakin ajiya na can ciki, wanda ba shi da taga, aka shimfiɗa wa Tsahara gado. Ta kira maƙera suka rufe ɗan filin gabansa da kwano har zuwa makewayi. Tun Tsahara na ƙirga kwanaki har ta daina. Safiya da yamma duk suka zama abu ɗaya, sai kiran salla ke raba mata su. Barci ya rikice, abinci ya fita ranta, sannan ciwo ya sauka a ƙugu da gwiwoyi, kamar ana tauna mata ƙashi daga ciki.

Wata rana ta riƙe ƙafar rigar mijinta tana kuka ta ce, "Maigida, don girman Allah ka cire mini falle ɗaya na kwanon nan. Ko tafin hannu ne in gani... Ba fita zan yi ba."

Hamidu ya kau da kai, idonsa ya ciko. "Ki yi haƙuri, Tsahara. Don mu take yi. Ya zan ɗaga hannu in rushe abin da uwata ta gina?"

Cikin shekara ta biyu jinin al'adar Tsahara ya fara tsallake wata, daga baya ya ɗauke ɗungum. Hajiya ta yi guɗa, ta raba goro a unguwa, ta aika wa tsohuwar Tsibiri turmin atamfa. Wata huɗu, wata shida, wata tara, ciki shafal, sai ma ƙara rama da yarinyar ke yi. Murna ta juye ta zama ƙiyayya. In Tsahara ta kasa miƙewa gaishe ta, sai Hajiya ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ciwon ƙarya! Mun ɗauke ki daga rana, mun ba ki gado da nama, kin saka mana da lalaci. Tashi ki daina yi mana rarrafe kamar jinjirin da kika kasa haifa."

Kawu Jibo ya zo duba ta, ya fito yana share hawaye da hularsa. Ya koma ya ba Madam Atika labari, wata ungozomar likita da ta bar aiki ta zauna Jiratawa, ita kuwa ta ce ya koma maza ya roƙi a fitar da yarinyar rana. Ya dawo ya durƙusa gaban Hajiya ya isar da saƙo. Hajiya ta ce, "Malam Jibo, ranar da ta kashe mata mahaifa ita za ku ƙara mata? Ni ban yi kuskure ba, kuma bakina ba zai taɓa cewa na yi ba. 'Yarku juya ce, kun san haka kuka ba mu." Bayan kwana kaɗan ta maimaita kalmar nan a wani gidan suna, gaban mata fiye da hamsin, har labari ya kai kasuwa. Sannan ta zaunar da ɗanta ta ce ya zaɓa, ko ita ko juya. Hamidu ya rubuta saki ɗaya. A amalanken shanu Kawu Jibo ya ɗauke ta, kwance, ta rufe fuska da zane don idonta ya kasa jure haske, tana ta faɗin, "Ya Allah, Kai Ka san ban yi komai ba... Ya Allah Ka isar mini."

A gida ma wahala ba ta ƙare ba. Limamin unguwa ya ce macen da jininta ya ɗauke ba dalili iddarta shekara guda ce, don haka ba ita ga aure, ba ita ga zawarci, mata kuwa in sun wuce sai su rage murya. Madam Atika kaɗai ke zuwa kullum da hantsi. Takan sa a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta buɗe mata hannuwa da ƙafafu, ta kawo nono da ƙwai da busasshen kifi.

"Madam, ranar nan ba za ta ƙara ƙone ni ba?" in ji Tsahara, tana janye ƙafa zuwa inuwa.

"Miƙo ƙafar nan, ɗiyata. Albasar kawunki a ƙarƙashin gado yake shuka ta?" Ta zauna kusa da ita. "A lakwal, makarantarmu ta ungozoma, an koya mana rana ke taimakon jiki ya gina ƙashi, wannan tabbas ne. Kuma akwai wasu sinadarai cikin jinin mace da ke gaya wa mahaifa lokacinta, jiki kuwa da hasken safiya yake gane lokaci. Ban ɗaukar miki alkawarin haihuwa ba, wannan na Allah ne. Amma na sha ganin matan da aka kulle jininsu ya rikice, da suka fito ya daidaita."

Wata uku Tsahara na dafa bango, wata biyar ta kai bakin garka da sanda, a wata na bakwai jini ya dawo. Ta shiga ɗaki ta kifa goshi a ƙasa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Labari ya kai Maraɗi. Ana cikin hayaniyar zaɓe, motocin jam'iyyu na ta kai da komo da lasifika, Hamidu ya zo bisa babur tun idda ba ta cika ba, ya durƙusa gaban Kawu Jibo ya ce ya mai da matarsa. Kawu ya ce, "Haƙƙinka ne. Amma ɗakin nan ba za ta koma ba, sai dai ka taka gawata." Hamidu ya yarda ta zauna Jiratawa, shi ya riƙa zuwa. Bayan wata biyar ciki ya bayyana. Da aka gaya wa Hajiya sai ta ce, "Juya ba ta haihuwa. In ma ciki ne, a tambayi 'yan garka na wane ne." Wannan magana ta fi duk na baya yi wa Tsahara ciwo, ta ƙarasa watanninta ba ta iya haɗa ido da kowa.

Sai ga shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, kasuwa ta tsaya, ma'aikatan lafiya suka shiga yajin aiki. Hajiya Balki, wadda ita ma ta yi shekaru daga ɗaki sai ƙarƙashin kwano sai mota, ta daɗe tana ɓoye ciwon ƙugu. Wata safiya ta taka dokin ƙofa kawai, ƙashin ya karye. Aka yi ta yawo da ita babu mai dubawa, da ƙyar aka samu wani likita ya ce ƙashinta ya yi laushi, ba lallai ta sake tafiya ba, kuma a riƙa fitar da ita rana. Ta koma jan jiki da hannu biyu daga gado zuwa bakin ƙofa. Nan ta gane irin ciwon da ta kira na ƙarya.

Ranar sunan ɗan Tsahara, gidan Kawu Jibo ya cika da mata, har da na Maraɗi da suka zo ganin ƙwaƙwaf. Ana cikin rabon fura sai mota ta tsaya, Hamidu ya shigo ɗauke da uwarsa a hannu, ta zama kamar tarin tsumma. Za a kai ta inuwar rumfa, ta ce a'a, a ajiye ta nan tsakar gida gaban mai jego. Ta daɗe tana kallon jinjirin, hawaye na bin kuncinta, sannan ta ɗaga murya yadda na bakin zaure ma za su ji.

"Ku da kuka ji ni can, ku ji ni nan. Yarinyar nan ba juya ba ce, kuma ɗan nan jinina ne. Ni na kulle ta shekara uku, ni na karya ta, ni na yi mata ƙazafi. Na yi kuskure." Ta miƙa hannuwanta. "Tsahara, ɗiyata... ki yafe mini."

Tsahara ta miƙe bisa ƙafafunta, ta tako a hankali, ta durƙusa ta ɗora mata jinjirin a cinya.