Sandar da Ta Ƙi Ɓata

Ba a taɓa wulaƙanta babban mutum kamata ba! An jawo ni daga kogi kamar tarwaɗa, ba hula, mata suna kallo.

Da can, wani baƙo ya roƙi sandata zai haye kogin. Dama ta yi mini nauyi, sai na ce, "Riƙe, malam. In ka haye, miƙa wa mai zuwa."

Baƙo ya miƙa wa tsohuwa, tsohuwa ta miƙa wa falke. Kowa ya haye sai ya ce, "Miƙa wa mai zuwa."

Rannan ruwa ya kwashe ni. Wata mai tallan nono ta miƙo sanda, ta ce, "Kama, Baba."

Na kama, na fito da raina. Ko da na duba, sandata ce.

To, wa zan kai ƙara? Ni na fara.