Kwabon da Aka Goge

Da safe mai gyaran agogo ya buɗe akwatin tsofaffin kwabbansa na jan ƙarfe, sai ya ga gurbi ɗaya yana ƙyalli. Nan baƙin kwabonsa yake zama, wanda dillalai suka daɗe suna zawarci. An ɗauke shi, an ajiye wani gama-gari da aka goge fes. Bai kai ƙara ba, sai ya aika a kira Saja, ɗan sandan da ke auren 'yarsa.

"Mutum uku ke shiga bayan kanta," in ji tsohon. "Dillali, mai shara, sai mahaifinka in ya zo hira."

Saja ya fara da dillali.

"Ni in goge kwabo? Yallaɓai, baƙin nan ai shi ne kuɗin. Ka goge shi, ka kashe shi. Da ni ne, baƙi zan sa masa, sai ya shekara bai lura ba."

Mai shara ta tafa hannu. "In ma zan goge, da toka zan goge, kamar tukunya."

Toka tana barin zane, wannan kuwa sumul yake. Saja ya kai kwabon hanci, nan take ya gane warin. Man goge maɓallin kaki ne. Cikin warin nan ya girma, don mahaifinsa tsohon soja ne, ba ya ganin ƙarfe ya dushe ya ƙyale shi.

Ya tarar da shi a ƙofar ɗaki.

"Baba, kwabon surukina."

"Tuhumata kake yi, ɗan nan?"

Saja ya kasa ɗaga ido. "Wanda ya san kwabo ba zai goge ba. Mai shara ba ta da man nan. Kai kuwa, Baba, ko abin da ka musanya ba ka iya ajiye shi da datti ba."

Mahaifin ya zaro ƙullin hankici daga aljihu.

"Kullum surukin naka ya cika mana kunne da darajarsa. Na kai kasuwa, suka yi mini dariya. Ungo, mayar masa. Har na gyara masa shi."

Saja ya kwance ƙullin. Kwabon yana walƙiya kamar madubi, babu sauran baƙi ko ɗigo.

Tun daga bakin titi ya cire hula. Surukin ya hango shi, ya miƙe da murna.

"Ka kama ɓarawon?"

Saja ya durƙusa a bakin kanta, hankicin a dunƙule cikin hannunsa.