Baba Kura

Babaji, kai ka fasa gurmin nan, kuma da saninka ka fasa shi. Ka aurar da 'yarka, an ci shinkafa an watse, kana zaton magana ta mutu. To ba ta mutu ba. Ni Abu yayarka, da na goya ka a bayan nan nawa, ni zan tona ka. Bari in faro daga farko saboda waɗanda ba su sani ba.

Wata Laraba Sharifa, 'yar Babajin, ta raka ni gaisuwa unguwar Yindiski. Muka tari keke napep a unguwar Dogo Tebo. Direban saurayi ne dogo, sunansa Mahdi. Ta tambaye shi ko ya san gidan, ya buɗe baki magana ta maƙale, in'ina ta riƙe shi har jijiyar wuyansa ta tashi. Sai kai ya gyaɗa. Amma da muka hau titi ya manta da mu, ya shiga rera waƙa ƙasa-ƙasa, tiryan-tiryan ba gargada. Sharifa ta dube shi ta madubi, shi ma ya dube ta, saura kaɗan ya tura mu ƙarƙashin tirela.

Na ce, "Ɗan nan, kai mu da rai tukuna."

Daga baya na ji tarihinsa. Yana ƙarami suka gudo daga Borno shi da uwarsa, tun ranar harshensa ya yi nauyi. Yara na kwaikwayonsa har ya ƙi makaranta. Maƙwabcinsu Malam Kyari, tsohon makaɗi Babarbare da ya koma gyaran rediyo, shi ya ji shi yana guna-guni a bayan rumfa. Ya sauko da gurmin da ya gada wurin ubansa ya ɗora masa a cinya, ya ce abin da baki ya kasa faɗa a rera shi. Shekara takwas yana koya masa, shi ya mayar da shi makaranta da kansa, ya kuma gindaya masa sharaɗi: kada ya taɓa roƙon kowa da gurmin.

Ashe tun ranar keken nan shi da Sharifa suka yi musayar lambar waya. Ni ban iya karatu ba, amma a ɗakina Sharifa ke karanta saƙonninsu, har na haddace.

"'Yar madubina, a waya ba na in'ina, shi ya sa a nan na fi ki surutu. Kin ci abinci?"

Ita kuma ta rubuta, "Kanarina, ban ci ba sai ka yi min baiti ɗaya. Goggo ta ce a gaishe ka, wai ka riƙa kallon gabanka."

Da maganar aure ta taso, Babaji ya ce shi ba ya ba maroƙi 'ya. Ransa na kan Umar Faruk, ɗan abokin cinikinsa a kasuwar shanu, wanda Sharifa ko gaisuwarsa ba ta jira ta ƙare. Mahdi, da ba zai iya tsayawa gaban manya ya yi magana ba, sai ya yi abin da ya iya. Ya shirya wa Babaji waƙar girmamawa, ya rera ta a wani taron suna. A cikinta ya kira shi Baba Kura, don a Barbarci kura babba ke nan, haka ake kiran dattijo mai daraja.

Umar Faruk ya ɗauki waƙar a waya ya kai wa Babaji, wai ga direban keke na ce masa kura mai cin akuyar mutane. Babaji ya tashi tsakar rana ya je rumfar Malam Kyari, ya tarar da gurmin a jingine, ya sa ƙafa ya take ƙoƙon a gaban jama'a.

Kai Babaji, shekara ashirin kana sayen shanu a hannun Barebari. Ubangidanka na farko da ya koya maka duba haƙorin sa, me ake kiransa? Ba Alhaji Kura ba? Ka san ma'anar sarai. Dalili kake nema, aka miƙo maka.

Mahdi ya yi shiru. Kwana goma ba waƙa, ba magana, ba saƙo. Sharifa ta rame, tana zaton ya haƙura da ita. Rannan tana kuka ta rubuta, "Kanarina, ko ka fasa ne?"

Amsa ta zo gajeriya. "Ban fasa ba, 'yar madubina. Ni aka fasa."

Malam Kyari ne ya kamo hannun Mahdi ya kawo shi zauren Babaji bayan la'asar. Ni ma na ɗauki tabarmata na shiga na zauna, ba wanda ya isa ya kore ni a gidan ubana. Tsohon bai ko ambaci gurmi ba. Cewa ya yi yaron zai nemi aurensa da bakinsa.

Mahdi ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Gumi na zuba, Babaji na duban agogo. Sai Malam Kyari ya ɗora yatsu a kan gwiwarsa ya fara bugawa a hankali, irin kiɗan da ya fara koya masa. Yaron ya saurara, ya ja numfashi, ya ɗora magana a kan bugun.

"Baba, ina son Sharifa da aure. Da keke zan ci da ita, ban taɓa roƙo ba. Girmama ka na yi, ban zage ka ba."

Ko sau ɗaya bai tsaya ba. Na ce wa Babaji ya faɗa wa baƙi sunan ubangidansa na farko. Maimakon ya faɗa, sai ya ce a turo magabata.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura. Da muka kai amarya Dogo Tebo na kama hannunta na sa a na Mahdi, na ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa 'ya'yan su ɗauko muryar uban da haƙurin uwar. Ya ce amin, kalma ɗaya, ta fito sumul. Sharifa na dariya a cikin mayafi.

Amma a wurin ɗaurin auren an ga Malam Kyari zaune a gefe, hannu wayam, yana buga gwiwa shi kaɗai. Ka gaisa da kowa, Babaji, ka tsallake shi.

Gurmin ubansa ne. Ba a sayar da irinsa, kada ka aika da sabo. Gobe Malam Kyari yana rumfarsa. Ka je da ƙafar da ka taka gurmin, ka tsuguna, ka ce ka san ma'anar Kura, ka nemi gafara. In ba ka je ba, ranar Laraba zan zo kasuwar shanu in tambaye ka sunan ubangidanka a gaban dillalai, kuma sai ka amsa min.