Tawadar Allah

Ta shigo shagon buga hotuna ko sallama babu, ta maka takardar a teburinsa har kwalbar tawada ta girgiza.

"Kai ka buga wannan?"

Saurayin ya ɗago, ya zuba mata ido. Jiya ta turo hoton ta waya, baƙi da fari, shi kaɗai ya rage na marigayiya mahaifiyarta. So take a faɗaɗa shi a rataye a falon babanta.

"Uwata ce, ba fursuna ba. Me ya sa take leƙe ta bayan raga?"

"Yi haƙuri," ya ce. "Injin nan bai san ruwan toka ba, baƙar tawada kawai ya sani. Da ɗigo-ɗigo yake yaudarar ido. Ko a jera ɗigon layi-layi, ko a watsa shi. Na jera, ya fi sauri."

"Sauri? To da sauri za ka sake shi, Mai Ɗigo."

Ta fice. Kafin ta kai bakin titi saƙo ya shigo: "Barkono, kin manta jakarki. Kin kuma tafi da hankalina."

Ta mayar: "Riƙe jakar. Hankalin naka dama ba yawa."

Wata biyu suna gwaji suna faɗa. Ya sake jerawa ƙanana, ta ce gidan sauro. Ya watsa manya, ta ce ya zuba wa mamanta ƙuraje. Kullum sai ta rantse ba za ta dawo ba, kullum sai ta dawo.

Ranar da ta ambaci auren Mai Ɗigo a gida, Baba ya ciro bugun farko da ta maido, daga durowa.

"Wanda ya sa matata a keji? Kada ya tako min ƙofa. Ɗan ƙanwata yana da situdiyo, shi zai yi hoton. Dama ya daɗe yana sonki."

Ta gaya wa Mai Ɗigo. Kwana huɗu shiru. Ta rubuta: "Matsoraci. Tsawa ɗaya ka ɓace. Kada ka ƙara kirana Barkono."

A rana ta biyar mai situdiyo ya kawo nasa cikin firam, sumul, yana sheƙi. Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗago.

"Ina tawadar Allah da ke ƙasan idonta?"

"Wannan ɗan baƙin, Kawu? Ai datti ne, na goge."

"Datti? Shekara ashirin da shida ina kallonsa, ka ce datti? Ɗauki matar nan ka fita, ban san ta ba."

A bakin ƙofa mai situdiyo ya ci karo da Mai Ɗigo, yatsu duk tawada, rungume da takarda mai kauri.

"Wa ya kira ka?" in ji Baba.

"Babu, Baba. Duba kawai, sai ka kore ni."

Ya warware. Wannan karon ya watsa ɗigon ƙanana ƙwarai, ido ba ya iya raba su. Babu raga, babu ƙuraje. Kumatu sun yi laushi, inuwar mayafi ta kwanta. Ƙasan idon hagu, ɗigo ɗaya na zaune shi kaɗai.

"Duk sauran ɗigon nawa ne," ya ce. "Kwana huɗu ina kore su daga kusa da wannan, don kada su haɗiye shi."

"Ya aka yi ka san ba datti ba ne?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yarka tana da shi, a daidai wurin. Tun ranar da ta zo zagina na gan shi."

Baba ya cire tabarau ya goge ido. "Turo magabatanka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ka juriya, don bakin ma na uwarta ne."

Ranar ɗaurin aure, hoton na rataye a falo, saƙonta ya iske shi cikin taro: "Har yanzu ina fushi da kwana huɗun nan, angona."

Ya mayar: "Allah ya bar min ke da fushinki, Barkono."