Takardar Haihuwar Hambali

Sau uku Balki tana tankaɗe garin gero ɗaya, har innarta ta ƙwace rariyar ta ce ta je ta nemi wani abin ta ɓata. Ba laifinta ba ne, kunnenta na zaure, inda Hambali ya shimfiɗa doguwar takarda gaban mahaifinta, Malam Tsoho, yana karanta masa sharuɗɗa.

Hambali ɗan Mamman ne, ƙanen Tsoho, wanda ya rasu tun Hambali na goye. Duk garin Gazawa an san shi da Balki, an ma tsayar da bikinsu bayan kaka. Shekara bakwai ke nan da samun 'yancin kai, shi kuwa ya gama babbar lakol, wato makarantar boko, a Yamai, yana taimakon masu jinya a Maraɗi. Can wani likita Ba'indiye da ya zo aikin lamba ya lura yaron ya san saiwoyi da sassaƙe kamar uwarsa Mero, sai ya ba shi labarin wata makaranta a ƙasarsu, inda ake karanta maganin gargajiyarsu mai suna Ayurbeda har mutum ya fito da digiri.

Sharuɗɗan ba su ba Hambali tsoro ba. Kada shekaru su gaza sha bakwai ko su haura ashirin da biyar: yana da ashirin da huɗu. Shaidar cin jarrabawar ilimin halittu da na sinadarai da Ingilishi: tana hannu. Takardar lafiya: aikin yini ɗaya. Na ƙarshe ne ya tsaya masa a wuya, wato takardar haihuwa, kuma sunan da ke cikinta ya dace da na takardun lakol, harafi da harafi.

To, a nan gizo ke saƙar da kowa a gidan ya sani ba a faɗa. Zamanin Nasara, ranar da dogarai suka zo ɗibar yaran lakol, sunan Rabo ɗan Tsoho suka zo da shi. Tsoho ya cusa ɗansa cikin rumbu, ya jawo maraya Hambali ya ce ga Rabo nan. Lokacin gani ake yi wanda aka kai lakol an yi asararsa. Tun daga ranar kowace takarda ta Hambali "Rabo Tsoho" take cewa, Rabo na gaskiya kuwa yana can yana fataucin gyaɗa hankali kwance.

Sakataren buro, wato ofishin hukuma na Agiye, ya riga ya faɗa wa Hambali cewa hanya biyu ce. Ko dai Tsoho ya rantse gaban shaidu biyu cewa shi ya haifi wannan yaro kuma sunansa Rabo, ko kuwa ya tsaya gaban alƙali ya faɗi musanyar da ya yi, a rubuta cewa Rabon takarda da Hambali ɗan Mamman mutum ɗaya ne.

Tsoho bai ko yi dogon tunani ba, ya zaɓi ta farko. Har fara'a yake yi, yana cewa zai tafi da liman da mai gari su zama shaidu, ga shi zai sami ɗa lokotoro, likita guda, a ɓagas. Balki da ke laɓe bayan zana ta hango abin da mahaifinta bai hango ba. In liman ya ji rantsuwar cewa Tsoho ne ya haifi Hambali, da wane baki zai ɗaura masa aure da 'yar Tsoho?

Hambali ma ya gane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bappa, ka yi haƙuri. Ba ni iya zama wan Balki bisa takarda, ba ni kuma iya canza uba."

Ran Tsoho ya ɓaci. Ya ce shi ba zai je da furfurarsa ya tona wa kansa asiri ba, jandarma su ɗaure shi a kan abin da ya wuce shekara sha bakwai. Ya ƙara da cewa wanda ya ƙi hanyarsa kada ya sake taka masa zaure da zancen biki.

Kwana ashirin suka rage a rufe karɓar takardu, Balki kuwa ba ta zauna wuri ɗaya ba cikinsu. Ta je rijiya ta dawo ba guga. Ta je Cadawa wajen gwaggonta, gwaggo ta ce Tsoho ba ya jin maganar mace. Ta tare Rabo a kasuwa, ya yi dariya ya ce shi dai ya gode wa rumbu. Da ta gaji ta sami Hambali a gidan Mero yana shanya ganyen sabara, tana kuka ta ce ya karɓi sunan ya tafi, ita za ta haƙura.

"In tahi in koyo magani da ƙarya cikin aljihu?" in ji shi. "Balki, mu jira. Ina da sauran shekara guda."

Ranar rufewa ta zo ta wuce.  Kaka ta yi, Hambali ya zo da laujensa ya taya Tsoho girbi kamar kowace shekara, yana gaishe shi a durƙushe. Wannan ladabin ya fi damun Tsoho da a ce zaginsa aka yi.

Ranar da ake zuba damman gero a rumbu, Balki ce ke miƙa wa mahaifinta. Ta riƙe dami ɗaya ba ta saki ba.

"Baba, nan ciki ka ɓoye Yaya Rabo?"

Ya harare ta, ya ce ta kiyayi bakinta.

"Bappa Mamman bai bar gona ba, bai bar akuya ba," ta ce. "Sunanai kaɗai ya bari ga ɗanai. Ƙanenka ne, Baba. Shi ma cikin rumbu za mu sa shi?"

Tsoho ya sauko daga tsani, bai ci tuwo ba ran nan.

Ranar kasuwar Agiye ya sa babbar riga ya hau mota, Balki na biye da shi da ƙwaryar fura wai ko za a tsare shi. Ya tsaya gaban alƙali, ya faɗi labarin rumbu tun daga farko. Alƙalin ya ajiye alƙalami ya yi murmushi, ya ce shi ma da sunan ɗan mai garinsu ya yi lakol. Ba ɗauri, ba tara, hatimi kawai aka buga. Tsoron shekara sha bakwai ya ƙare kafin furar ta yi tsami.

Bayan wata biyu liman ya ɗaura aure. Hambali ya sake aika takardunsa, da damina ta kewayo, wasiƙar karɓarsa ta zo daga Indiya. Tsoho bai iya boko ba, ya miƙa wa ango ya ce ya karanta masa abin da ke bayan ambulan kawai, da ƙarfi.

"Hambali Mamman."

Tsoho ya share ido da hannun riga, ya ce a sake.

Balki ta kan faɗa wa 'ya'yanta cewa da sun bi gajeriyar hanya, da ubansu ya riga tafiya da shekara guda, amma da su ba a haife su ba. Haƙuri a kan gaskiya yana cin lokaci, sai dai abin da ya ba ka ba wanda zai zo ya ce ba naka ba ne.